Jirgin da Ya Fara Tashi

Ranar Litinin da sassafe na sauka a Delhi, kwana uku bayan ranar da ya kamata in sauka. Jirgin sama ne ya yi mana wasa da hankali, aka jibge mu a wani filin jirgi a hanya muna ta shan shayi da burodi. Takardar da ke aljihuna kuwa ba ruwanta da wannan. Ɓaro-ɓaro aka rubuta a cikinta cewa duk wanda bai zo ofishin makaranta ya sa hannu ba kafin ƙarfe biyar na yammacin wannan Litinin ɗin, za a ba wani gurbinsa. Makarantar tana wani gari da ake kira Jansi, kudu da Delhi, kwas ne na wata tara a kan ciyawa da abincin dabbobi. Ni malamin gona ne a Dutse, lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, kuma mutane da yawa suka nemi gurbin nan a wurin aikinmu, ni aka ɗauka. Har walima aka yi mini a unguwarmu, Limawa. Inna ta sayar da tunkiyarta ta saya mini akwatin ƙarfe, ta cika rabinsa da dabino da ƙuli-ƙuli da garin kunu. To don Allah da wace fuska zan koma Dutse in ce na makara?

Kafin in ci gaba, gara ka san irin mutumin da ya sauka a Delhi ran nan. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ɗan kamasho ne a tashar motar Ringim, a nan ya tsufa. A gindin benci na tashi ina kallon yadda ake yi. Na ga an zaunar da zaunannun tasha a cikin mota, kowa da ɗan ƙullinsa a cinya, ana ihun saura mutum ɗaya, baƙo ya biya ya shiga, su kuma su zare jiki ɗaya bayan ɗaya su bar shi yana gadin mota har azahar. Na ga an tare mutum zai shiga motar da ta cika, a ce masa haba Alhaji, wannan akwalar? Ga sabuwa can, ko da awa guda ta ba mu sai mun wuce ta kafin Gezawa. Abu biyu Baba ya dasa mini a kai. Na farko, duk wanda ya tare ka a tasha yana murmushi, yana da kaso a jikinka. Na biyu, in ka ga mota za ta tashi, shige ta, kada ka saurari mai ce maka tasa ta fi gudu.

Jirgin ƙasa ma na san shi, ko in ce ina ganin na san shi. Layin dogo ya bi ta wajenmu a Ringim, layi ɗaya tal, jirgin kuma in ya zo ya zo. A saninmu jirgi ba ya shan gaban jirgi. Ta ina zai bi? Ta cikin gonar gero? Sannan ga Malam Garba, wani abokin aikina da ya taɓa zuwa Indiya, ya ja ni gefe ranar walima ya ce, "Habu, ko ruwa aka miƙo maka a jirgi kada ka karɓa. Maganin barci suke sawa, ka farka daga kai sai wando."

Da wannan ilimi na shiga babbar tashar jirgin ƙasa ta Delhi, akwati a ka.

Wayyo jama'a! Ban taɓa ganin mutane haka ba, ko ranar kasuwa ta jajibirin salla. Wasu na kwance, wasu na wanka a bakin famfo, lasifika na ta surutu ba ta numfashi. A sama ga wani ƙaton allo cike da lambobi da sunaye, kafin in gama karanta layi ɗaya ya juye ya zama wani. Mutum huɗu suka tare ni kafin in kai ƙofa. Wannan ya ce an rufe wurin sayar da tikiti, in biyo shi. Wancan ya ce jirgin Jansi ya lalace, amma ƙanensa yana da mota. Na yi dariya a raina, na ce yara, sana'ar gidanmu ce. Na ture su na wuce, kuma a nan kam na yi daidai, domin wurin tikitin a buɗe yake. Wannan 'yar nasarar ce ta kumbura mini kai.

Na bi layi har na isa taga. Akawun wani siriri ne mai tabarau, bai ko ɗago ba. Na ce masa da Turanci Jansi za ni.

Ya ce, "Akwai ekspres, ƙarfe tara."

Na duba agogon bango, bakwai saura kwata. Na ce, "Kafin shi babu wani?"

"Akwai na ƙarfe bakwai. Amma ba naka ba ne."

"Ba ya zuwa Jansi?"

Sai ya kaɗa kai irin tasu, hagu da dama. Ya ce yana zuwa, amma fasinja ne, in jira na taran. Na tambayi kuɗin kowanne. Na taran ya ninka na bakwai har da ɗori.

Ai sai na ji kamar Baba ne ya dafa kafaɗata. Ga wanda zai tashi yanzu, mai araha, ana hana ni. Ga wanda ke tsaye, mai tsada, ana cusa mini. Kuma me ake nufi da fasinja ne? To ni buhun gyaɗa ne? Na gyara tsayuwa na ce, "Ba ni na bakwai."

Ya ɗago a karon farko ya dube ni ta saman tabarau. Ya sake cewa, "Ekspres, ƙarfe tara," a hankali, yadda ake yi wa kurma magana. Na buga hannu a kan katakon na ce na bakwai nake so. Ya ɗaga kafaɗa, ya buga wani ɗan kwali da bai fi gidan ashana ba, ya turo mini. Na fita ina taƙama, wai na fi ƙarfin ɗan kamashon Indiya.

Jirgin ya tashi ƙarfe bakwai cif, abin har ya ba ni mamaki. Bencinan katako ne, tagogi da sandunan ƙarfe, a waje an rataye garewanin madara reras. Na sami gefen benci na zauna, na tura akwatin tsakanin ƙafafuna, na ciro igiya na ɗaure hannunsa da idon sawuna. Mata biyu suka rufe baki da gyale suna dariya. Na ce ku yi ta yi.

Ba mu yi minti goma ba muka tsaya. Muka tashi, muka sake tsayawa. Duk inda aka ga bishiya ɗaya da famfo, sai jirgin nan ya ja birki, masu madara su sauka, wasu su hau, akuya ma a hau da ita. Da farko ban damu ba, na ce ai ko motar Kiyawa tana sauke mutane. Sai can wajen ƙarfe takwas da rabi muka ratse muka tsaya a wani wuri da babu tasha babu kowa. Aka yi tsit. Kawai sai na ji ƙasa na rawa, wani dogon jirgi mai rufaffun tagogi ya zo ta bayanmu ya wuce fuuu, ya nufi inda muka nufa. Na leƙa ta taga. Ashe layukan ba ɗaya ba ne, har uku na ƙirga a jere.

A bencin da ke fuskantata akwai wani dattijo da tun Delhi na lura yana kallona. Fari fat gashinsa, farar riga mai aljihu da biro biyu a soke, laima a jingine da gwiwa, jakar yadi a cinya. Irin shigar mutanen kirki, kuma na san ita ce shigar da manyan 'yan damfara suka fi so. Ya ce da ni cikin Turanci mai kyau, "Ɗana, ina za ka?"

Na ce, "Nan gaba kaɗan."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe wani ɗan kwanon silba mai hawa-hawa, ya ciro gurasarsu mai faɗi da ɗan dankali a ciki, ya miƙo mini. Ƙamshin ya bugi hancina, rabona da abincin kirki tun jiya. Maganar Malam Garba ta faɗo mini. Na ce, "Na gode, azumi nake."

Allah ya yafe mini. Litinin ce, ƙaryar ta zauna daram. Dattijon ya ce, "Ah, ka yi haƙuri," ya rufe kwanon, shi ma bai ci ba. Sai daga baya na gane ramin da na haƙa wa kaina, don yanzu ko dabinon Inna ba ni da halin taɓawa, ga ƙishirwa ta fara kama ni.

Mai duba tikiti ne ya tona mini asiri. Ya karɓi ɗan kwalina, ya juya shi, ya dube ni, ya ɗaga murya ya ce, "Jansi? A wannan jirgin?" Ya faɗi wata magana da yarensu, taragon gaba ɗaya ya ɗauka. Kowa na ba da ra'ayi, har mai akuya. Ni dai na ƙanƙame akwatina da ƙafa, na ce shi ke nan, yanzu duk sun san baƙo ne mai tafiya mai nisa.

Da ya wuce, dattijon ya matso. Ya ce, "Ƙarfe nawa ake jiranka a Jansi?"

Tsoron makara ya fi tsoronsa, na ce, "Biyar. In na wuce biyar, na rasa karatuna."

Ya zura hannu a jaka ya ciro wani littafi mai kauri, an yi masa bango da takardar siminti, gefunansa duk sun yi baƙi don shafa. Ya lashi yatsa ya buɗe wani shafi, ya ɗora mini a gwiwa. Lambobi ne zalla, ƙanana ƙanana, an jera su cikin gidaje.

Ya ce, "Wannan jadawalin jiragen ƙasar nan ne. Duba. Sunayen da ke gefen hagu tashoshi ne, daga sama zuwa ƙasa, yadda hanya ta bi. Kowane layi da ya sauko daga sama jirgi ɗaya ne, ga lambarsa a kai. Ka sa yatsa a kan jirginka ka gangaro. Inda ka ga lamba, ya tsaya, lokacin ke nan. Inda ka ga ɗan jan layi, wucewa yake, ko kallon tashar ba ya yi. A manyan tashoshi lamba biyu ce, ta isowa da ta tashi. Kuma a nan babu safe babu yamma, ana ƙirgawa ne har ashirin da huɗu. In ka ga sha biyar, uku ke nan na yamma."

Ya kama yatsana ya ɗora a kan wani layi. Cike yake da lambobi tun daga sama har ƙasa, babu gida ɗaya da aka tsallake. Ya ce wannan namu ne. Muka gangara, muka gangara, har muka iso Jansi. Ashirin da ɗaya da minti arba'in.

Na yi lissafi da yatsu, na sake yi. Goma saura minti ashirin na dare.

"Jirage iri-iri ne," in ji shi. "Wannan ana ce masa fasinja, na ƙauyawa ne da masu madara, kowace tasha tasa ce, kuma kowane jirgi ya zo sai ya ba shi hanya. Akwai ekspres, manyan garuruwa kawai yake tsayawa. Akwai kuma irin wanda ya wuce mu ɗazu, mai na'urar sanyi, shi sai ka kama kujera tun kwanaki kafin tafiya. Tikitin wani ba ya shiga wani." Ya matsar da yatsana gida uku zuwa dama. Layin nan kusan duk jan layi ne, lambobi 'yan kaɗan. Ya tashi daga Delhi ƙarfe tara. Jansi, sha biyar da minti hamsin.

Na taran nan ne da akawu ya yi ta roƙona in saya. Wallahi ji na yi kamar in kwance igiyar ƙafata in shaƙe kaina da ita.

Dattijon ya ce, "Ba a rasa ba tukuna. Duba nan, Matura, babbar mahaɗa ce. Mu za mu isa sha ɗaya. Shi zai iso sha ɗaya da minti ashirin. In ka sauka ka haye gada ka sayi sabon tikiti a tagar waje ka dawo, za ka same shi."

Maganar ta yi daɗi, kuma daɗin nata ne ya dame ni. Na tuna a tasharmu akwai wani tsohon littafi da ake nuna wa baƙo, cike da sunayen fasinjojin da ba a taɓa haifa ba. Wa ya ce wannan littafin na gaskiya ne? Wa ya ce akwai wani ekspres a Matura? Wataƙila can ne mutanensa suke, a sauke ni a raba ni da kayana. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Malam, mu yi ta a fili. Nawa ne ladanka?"

Ya rufe littafin a hankali ya ce, "Ni malamin makaranta ne, na yi ritaya. Wanda bai iya karatu ba nake koya wa." Ya mai da fuskarsa taga.

Maganar ta ƙona mini rai. Ni da difilomata, a ce ban iya karatu ba?

Wajen goma da rabi muka tsaya a wata 'yar tasha, ɗaki ɗaya da bishiyar darbejiya da allo ruwan ɗorawa an rubuta Ramgar. Nan na ga abin da ya tabbatar mini da zargina. Jirgin na tsayawa, mutanen taragon suka fara yi wa dattijon magana, wani mai madara har ya kama jakarsa yana ja. Ya ƙwace, ya kaɗa musu hannu. A ƙasa kuma ga wata tsohuwa ta lulluɓe kai, tana bin tagogi tana leƙe. Ya miƙe ya kira ta, ya faɗa mata wata magana da sauri, ya nuna ni da yatsa. Ni, ƙiri-ƙiri. Tsohuwar ta leƙo ta ƙare mini kallo, ta riƙe ƙugu, ta yi ta zuba masa magana har jirgin ya motsa, tana biye tana yi.

Na ce to, ga shi nan. An sanar da na gaba cewa an samu nama. Na zaro biro na rubuta Ramgar a tafin hannuna, don in abin ya faru in san inda zan kai 'yan sanda.

Duk da haka da muka doshi Matura na kwance igiyar. Lissafin da na yi shi ne, in na zauna na rasa gurbina tabbas, in na sauka wataƙila. Jirgin kuma ya ƙara mini da makara, sai sha ɗaya da minti takwas muka shiga. Na sauko da akwati da ƙyar, dattijon na biye da ni da laimarsa. Ya nuna wata doguwar gadar ƙarfe mai matakala kamar ba za ta ƙare ba, mutane sun cika ta maƙil.

Ya ce, "Tagar tana can ƙetare. Da wannan akwatin ba za ka je ka dawo ba. Bar shi nan, ka ruga."

Na ce a raina, yawwa, an zo wurin. Na ce, "A'a."

"Saura minti goma sha ɗaya."

"Na ce a'a."

"Goma," in ji shi, yana duban agogonsa.

Na dubi gadar, na dubi akwatin Inna. Zufa ta karyo mini. Abin da na yi daga nan, har yau in na tuna sai na runtse ido. Na miƙa hannu na fizge littafin nan daga hammatarsa, na ce, "To wannan ya zauna a wurina har in dawo." Jingina ke nan na karɓa, yadda ake karɓe hular yaron mota in an aike shi canji. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kawai ya ce, "Ka ce ekspres, Jansi, maras kujera. Ruga."

Na cusa littafin a aljihun babbar rigata na ruga. Na ture wanda na ture, an zage ni da yaren da ban sani ba, na rama da Hausa. A taga layi ya kai mutum goma. Na ɗaga takardar makarantata sama ina ihu da Turanci cewa jirgina zai tashi, wani mai rawani ya ja ni ya tura ni gabansa, ban ko gode masa ba don ina lura da aljihuna. Na faɗi abin da aka ce in faɗa, aka turo mini tikiti. Na sake hayo gada ina haki, maƙogwarona kamar an zuba yashi.

Na iso inda na bar su. Babu dattijo, babu akwati.

Inna lillahi. Na juya gabas na juya yamma. Sai na ji bakina na ihu da Hausa, "Ɓarawo! Jama'a ɓarawo!" Mutane suka dare suna kallona. Wani ɓangare na zuciyata kuwa, kada in ɓoye maka, har wani sanyi ya ji, wai ai dama na faɗa. Na buɗe tafin hannuna ina neman ɗan sanda.

Can ƙarshen dandamalin, nesa, sai na hango baƙar laima ana ɗaga ta sama ana saukewa. Na kwasa da gudu. Yana zaune a kan akwatina, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana numfashi da baki. Igiyar da nake ɗaure ƙafata da ita ce a hannunsa, da ita ya ja akwatin tun daga can, ta yi masa jan shati a tafi.

Da ƙyar ya ce, "Taragon marasa kujera a wutsiya yake tsayawa. In ka tsaya can, ƙofar masu kujera za ka tarar, su koro ka, kafin ka iso nan ya tashi."

Ka san abin da na fara yi? Ban ce sannu ba. Na durƙusa na kama kwaɗon akwatin na jijjiga, in ga ko an taɓa. Ya gan ni. Na ɗago muka haɗa ido, ya kau da kai.

Nan take jirgin ya shigo da ƙara. Aka yi caa a kan ƙofa. Dattijon nan ya sa laimarsa ya tokare mutane, yana yi musu tsawa irin ta malamai, suka kama mini akwatin aka jefa ciki, ni ma aka tura ni. Na sami kaina a matse jikin taga, ƙafa ɗaya a kan akwati. Ya zagayo ta waje ya ce, "Kada ka sauka sai ka ga an rubuta Jansi, ka fita ta babbar ƙofa ka hau keke mai ƙafa uku." Jirgin ya fara motsi. Ya laluba jakarsa da sauri, ya turo wani abu ta tsakanin sandunan tagar, a naɗe cikin jarida.

"Na shan ruwa," in ji shi. "In rana ta faɗi."

Gurasar nan ce da ya fasa ci. Na karɓa don babu yadda zan yi, na riƙe ta da yatsa biyu. Ya tsaya da laimarsa yana ƙanƙancewa har gada ta rufe shi.

Mun wuce Agra kafin in ji wani abu na tokarina a cinya. Na sa hannu, sai ga littafin. Na tafi da jinginar mutane.

Na buɗe shi don in ga ko da gaske za mu isa kafin huɗu. Na sami shafin da kaina, na sami layinmu, na gangara da yatsa yadda ya koya mini. Ga Agra, lokacin ya yi daidai da agogona. Littafin gaskiya ne. Ina riƙe da shi sai idona ya faɗa kan rubutun tafin hannuna, zufa ta fara cinye shi. Na ce bari in ga wannan Ramgar ɗin ta 'yan damfara.

Ban sha wahalar nema ba, domin an zagaye sunan da jan biro, an maimaita har takardar ta kusa hujewa. Na bi layin daga hagu zuwa dama. Jan layi, jan layi, jan layi, tun daga farkon shafi har ƙarshe. Gida ɗaya tak ke da lamba, na jirgin da muka baro. Na juya zuwa shafin jiragen da ke komawa Delhi. Nan ma an zagaye Ramgar da ja. Nan ma lamba ɗaya ce, shida da minti biyar. Na safe, wato sai gobe.

Ashe gidansa ne. Ashe mai madarar nan cewa yake Malam sauka, an iso. Ashe tsohuwar nan matarsa ce ta zo tarensa, faɗan da take yi na mijin da ya wuce gida ne saboda wani baƙo mai igiya a ƙafa. Yau a benci zai kwana a Matura, abincinsa yana hannuna, littafinsa yana hannuna, ga dabinon Dutse rabin akwati a ƙarƙashin ƙafata ko ƙwaya ɗaya ban ba shi ba.

Na warware jaridar na cinye gurasar nan tas, rana tsaka, ina hawaye, mutane na kallona. Ban yi barci ba, ba kuma abin da ya same ni.

Biyar saura minti ashirin na shiga ofishin makarantar, akwati a ka. Magatakardan ya riga ya fara tattara takardu. Ya duba wasiƙata, ya juyo mini da rajista, sunana ne kaɗai babu sa hannu a gabansa. Na miƙa hannu zan karɓi biro, sai ya ga rubutun tafina.

Ya ce, "Ramgar? Kai da ka sauka yau, wa ka sani a Ramgar?"

Na ce, "Malamina yana can."

"To madalla. Yaya sunansa?"

Na buɗe bangon littafin, na duba ciki da waje, babu suna. Awa huɗu muna zaune gwiwa da gwiwa, na tambaye shi ladansa, ban tambaye shi sunansa ba.